Zama a Faɗake: Jagorar Mai Bi Wajen Yin Tsayayya da Iblis da Jaraba

Duk wanda ya tashi a cikin ikilisiya a Kaduna, ko a ECWA ne, ko Baptis, ko HEKAN, ko Angilikan, ko Katolika, ya sha jin gargaɗin da manzo ya yi a 1 Bitrus 5:8, cewa mu natsu, mu zauna a faɗake, gama magabcinmu Iblis yana zazzagawa kamar zaki mai ruri, yana neman wanda zai lanƙwame. Mun haddace ayar tun muna makarantar Lahadi, mun kuma ji ta a wa'azi ba iyaka. Amma idan aka tambayi mai bi abin da zama a faɗake yake nufi ranar Talata da rana a bakin shagonsa, ko da ƙarfe ɗayan dare lokacin da kowa ya yi barci sai shi da wayarsa, sau da yawa amsa takan gagara. Domin irin waɗannan sa'o'i aka shirya wannan jagora, kuma abin da nake so in kafa tun daga farko shi ne, ba kasafai magabcin yake shigowa ta ƙofar da muke gadi ba. Mukan kwana muna tsaron mayu da maƙiyan ƙauye da munanan mafarkai, shi kuwa yana shigowa ta yunwa, da bashi, da fushi, da kaɗaici, da son a yabe mu. Da namiji nake magana a rubutun don sauƙi, amma duk abin da ke ciki ya shafi 'yan'uwa mata daidai wa daida.

Mataki na farko: ka san magabcin daidai girmansa

Kuskure iri biyu ne ke yawo a tsakaninmu. Wasu sun mai da Iblis tatsuniya, har suna jin kunyar ambaton sunansa a gaban abokan karatunsu. Wasu kuma sun kambama shi har ya kusa zama takwaran Allah, suna ganinsa a kowace mage da ta yi kuka a kan katanga, rabin addu'arsu kuwa kiran sunansa ne. Littafi Mai Tsarki bai goyi bayan ko ɗaya ba. Iblis yana nan, yana da wayo da mugun nufi, amma halitta ne, kuma ba ya ƙetare iyakar da aka sa masa. A babi na 1 da na 2 na littafin Ayuba, sai da aka ba shi izini kafin ya taɓa dukiyar Ayuba, sai da aka sake ba shi kafin ya taɓa jikinsa, aka kuma hana shi ransa. A Luka 22:31 Ubangiji ya gaya wa Bitrus cewa Shaiɗan ya roƙa ne a ba shi su ya sheƙe su kamar alkama. Kolosiyawa 2:15 kuma ta nuna cewa a kan gicciye Almasihu ya kwance wa masu mulki da masu iko ɗamara, ya kunyata su a fili. Wanda ya riƙe wannan zai yi tsaro ba tare da firgita ba, firgita kuwa ita kanta hanya ce ta faɗuwa, domin mai firgita shi ne yake gudu wurin boka.

Babban makamin Iblis ƙarya ce, shi ya sa Yesu ya kira shi uban ƙarya a Yahaya 8:44. A Farawa 3 bai ɗaga wa Hauwa'u murya ba, tambaya ya yi mata wadda ta sa ta fara shakkar alherin Allah. Bulus ya ce yakan mai da kansa kamar mala'ikan haske (2 Korantiyawa 11:14), wato shawararsa takan zo da kamannin hankali, wani lokaci ma da aya a baki. Ka lura da yadda yake juya harshe: kafin zunubi yakan ce maka abin ƙarami ne, kowa ma yana yi, bayan zunubi kuma sai ya ce maka abin ya fi ƙarfin gafara. Wahayin Yahaya 12:10 ta kira shi mai ƙarar 'yan'uwa saboda wannan fuska ta biyu.

Sai dai kada sanin magabci ya zama mafakar gudun alhaki. Mun saba jin wanda aka kama ya sunkuyar da kai ya ce, “Aikin Shaiɗan ne.” Yakubu 1:14-15 ya ce mugun burin mutum ne yake jansa ya yaudare shi, burin ya yi ciki ya haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Iblis yana tallar haja, amma hannun da ya karɓa naka ne.

Wani abu kuma da ya wajaba a faɗa a nan shi ne, ba kowace cuta ce aljani ba. Matiyu 4:24 ta ambaci masu aljannu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Idan ɗan'uwa ya daina barci, yana surutai, ko baƙin ciki ya danne shi har yana maganar kashe kansa, a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya nan a Barnawa. Ɗaure marar lafiya da mari, ko dukan yaro maraya da sunan fitar da maita, zalunci ne, kuma wanda ya yi haka ya riga ya yi wa magabcin aikin da yake so.

Mataki na biyu: ka gano tsagar da ke bangonka

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kowane mai bi yana da tasa tsagar, kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai wanda za a bar shi da miliyoyi ba zai taɓa sisi ba, amma murmushin mace ɗaya ya isa ya rikita shi. Akwai wadda ba ta taɓa kallon wani namiji ban da mijinta ba, amma harshenta ya raba gidaje a unguwa. Saboda haka aikin farko na zahiri shi ne ka zauna da takarda da biro, ka yi wa kanka tambayoyi huɗu game da zunubin da ya fi kā da kai: a wane lokaci yakan zo, a wane wuri, tare da wa, kuma a wane hali kake sa'ad da ya zo. Ka yi mako biyu kana lura kana rubutawa, ba tare da yi wa kanka kwaskwarima ba. Abin da yawancin mutane sukan tarar shi ne, jarabarsu tana da sa'a da adireshi.

Nassi ma haka ya nuna. Mai jaraba bai zo wa Yesu da maganar gurasa ba sai bayan azumin kwana 40, lokacin da yunwa ta kama shi, kuma Luka 4:13 ta ce da ya gama ya rabu da shi ne zuwa wani lokaci. Dawuda bai faɗi a fagen fama ba, ya faɗi ne a lokacin da sarakuna sukan fita yaƙi, shi kuwa ya zauna a Urushalima yana yawo a kan soro da yamma (2 Sama'ila 11). Iliya ya roƙi mutuwa ne jim kaɗan bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, a gajiye, shi kaɗai. Yunwa, zaman banza, gajiya, kaɗaici da kuma bayan nasara, waɗannan su ne lokutan da ya kamata ka ninka tsaro.

Ka ɗauki misalin ma'ajiyar wata ƙungiyar mata a ikilisiya. Kuɗin baiko suna ɗaure cikin baƙar leda a ƙasan akwatinta, wata ya yi nisa, albashin maigida bai shigo ba, ga yaro an koro shi daga makaranta yana tsaye a bakin ƙofa da jakarsa a baya. Ba wanda zai raɗa mata ta yi sata, domin da ta ji wannan kalma za ta yi tsaki. Abin da za ta ji a zuciyarta shi ne, “Aro ne kawai, naira dubu 20, ranar Juma'a in mayar, Allah ma ya san halin da nake ciki.” Juma'a ta zo ba kuɗi, sai ta ƙara ɗiba don ta toshe wani rami, ranar ba da rahoto kuma sai ta gyara lissafi a littafi. Tun daga buɗe ledar har zuwa ƙaryar da ta yi a gaban mata, ba inda ta ji wani ruri. Tsagar tata ba muguntar zuciya ba ce tun farko, ajiye kuɗin jama'a ne a ɗaki ɗaya da talauci, da kuma kunyar faɗa wa shugabarta cewa tana cikin matsi.

Mataki na uku: ka toshe hanyar da hannunka, ka kuma koyi gudu

Nassi ya ce mu yi tsayayya da Iblis zai guje mu (Yakubu 4:7), amma game da fasikanci da sha'awoyin ƙuruciya da son kuɗi, umarnin shi ne mu gudu (1 Korantiyawa 6:18; 2 Timoti 2:22; 1 Timoti 6:10-11). Yusufu bai tsaya yi wa matar Fotifar wa'azi a cikin ɗaka ba, ya bar mata rigarsa ya fita waje. Mutane da yawa suna faɗuwa ne domin suna son su gwada ƙarfin bangaskiyarsu a wurin da ya kamata su gwada ƙarfin ƙafarsu.

To, ka koma kan abin da ka rubuta, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Idan sa'arka dare ce, lokacin da aka ɗauke wuta, zafi ya hana barci, kana kwance kana latsa waya daga wannan hoto zuwa wancan, to wayar ta kwana a falo, ko a hannun matarka, kuma kada ka sa mata mabuɗin da matarka ba ta sani ba. Idan cacar ƙwallo ce take cinye maka kuɗin cefane, ka goge manhajar yau, ka canja hanyar da kake bi in shagon cacar yana kanta, ko da sabuwar hanyar ta fi nisa. Idan giya ce ko burkutu ko ƙwaya, ka san cewa majalisar da kake zama da yamma ita ce rabin matsalar, ba kuwa za ka ci gaba da zama a kan benci ɗaya da masu sha ka ce kai ruwa kawai za ka riƙa sha ba. Wanda tiramadol ko kodin suka riga suka kama jikinsa yana bukatar likita tare da addu'a, domin jiki ya saba, barinsu farat ɗaya ba tare da kulawa ba yana da wuya ƙwarai. Idan kuwa wata ce a wurin aiki ko a ƙungiyar mawaƙa da zuciyarka ta fara karkata gare ta, ka daina hirar dare da ita a WhatsApp, ka daina rage mata hanya ku biyu kaɗai, kada kuma ka yaudari kanka da cewa shawara ta ruhaniya kake ba ta.

A sha'anin kuɗin ikilisiya, tsari shi ne kariya. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, a rubuta, a sa hannu, a kai banki washegari. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, ya nemi a haɗa shi da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa don kada kowa ya sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Idan manzo bai ga wannan a matsayin raini ba, bai kamata ma'aji ya ji haushi don an ce a duba littafinsa ba. Haka kuma duk wanda ya zo maka da harkar da za ta ninka kuɗi cikin wata guda, ko da a harabar coci ya tare ka yana kiranka ɗan'uwa, ka tuna da MMM, harkar nan ta zuba kuɗi a yanar gizo, da yadda ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, masu bi da yawa a ciki. Tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 gaskiya ce, ba mai musunta, amma matsi shi ne kasuwar da mai yaudara ya fi ciniki a cikinta.

Mataki na huɗu: ka tanadi Maganar Allah tun kafin ranar bukata

A cikin makaman da Bulus ya lissafta a Afisawa 6:14-17, wato ɗamarar gaskiya, da sulken adalci, da shirin bisharar salama a ƙafa, da garkuwar bangaskiya, da kwalkwalin ceto, takobi ɗaya ne, shi ne Maganar Allah. Sau uku aka jarabci Yesu a jeji, sau uku ya amsa daga littafin Maimaitawar Shari'a, babi na 8 da na 6. Bai buɗe littafi a jejin ba, abin da ke cikinsa ne ya fito. Mu da muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da shekarunsa a kai tare da abokan aikinsa, yanzu kuma ga shi a cikin waya, ba mu da hujjar zuwa fagen fama hannu rabbana.

Hanyar da na fi ganin amfaninta ita ce ka zaɓi ayoyi kaɗan da suka dace da tsagarka, ka haddace su da harshen da kake tunani da shi. Mai fama da tsoron gobe ya riƙe Matiyu 6:31-34 da Ibraniyawa 13:5. Mai fama da sha'awa ya riƙe 1 Korantiyawa 6:19-20. Mai saurin fushi ya riƙe Yakubu 1:19-20. Kowa da kowa kuma ya riƙe 1 Korantiyawa 10:13, inda aka yi alkawari cewa Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba, tare da jarabar kuma zai buɗe mafita. Ka rubuta ayar a ƙaramar takarda, ka maimaita ta a cikin keke ko bas a hanyar Sabon Tasha zuwa kasuwa, ka faɗe ta da baki idan jarabar ta zo. Ban da haddar, ka riƙa karanta littafi guda daga farko zuwa ƙarshe, domin Iblis ma ya ja aya daga Zabura 91 a kan ƙololuwar Haikali, ya yanke ta daga muhallinta. Wanda tsintar ayoyi kawai ya iya, da aya za a ɓatar da shi.

Wannan ya kawo mu ga masu wa'azi. An umarce mu mu gwada ruhohi (1 Yahaya 4:1), an kuma yaba wa mutanen Biriya domin suna bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). Idan wani ya ce ya ga wahayi cewa mahaifiyarka ko surukarka ce ta ɗaure maka arziki, sa'an nan ya sa wa mai ko ruwa farashi, ka tuna yadda Bitrus ya tsauta wa Saminu mai sihiri da ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi. Irin wannan wahayi da yake raba ɗa da uwa, ya bar zunubin mai tambaya bai taɓa shi ba, ya isa abin tuhuma. Laya da guru da abin da aka binne a bakin ƙofa kuwa, ko daga wurin wa aka karɓo su, ba su da wurin zama a gidan mai bi. Mutanen Afisa da suka tuba sun ƙone littattafan sihirinsu a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19), ba su sayar wa wani ba.

Mataki na biyar: addu'a a kan kari

A Getsamani Ubangiji ya haɗa abu biyu, ya ce a yi tsaro a yi addu'a don kada a faɗa cikin gwaji (Matiyu 26:41). Almajiran suka yi barci, kafin gari ya waye Bitrus ya yi musun saninsa sau uku. Daren addu'a da muke yi a majami'u abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin addu'ar asuba ta kowace rana, wadda a cikinta za ka ambaci jarabarka da sunanta, ka kuma ambaci wurin da ka san za ka gamu da ita a ranar. Sa'ad da abin ya taso kuwa, gajeriyar addu'a ta isa, kamar ta Bitrus a kan ruwa da ya ce Ubangiji ya cece shi, muddin ka yi ta a minti na farko, tun tunanin bai yi saiwa ba. Azumi yana horar da jiki ya ji kalmar a'a, amma mai gyambon ciki, da mai ciwon suga, da mai juna biyu, su nemi shawarar likita tukuna.

Mataki na shida: ka tsare zuciyarka daga ƙiyayya

A nan zan daɗe, domin a ganina babu ƙofar da ta fi wannan faɗi a garinmu. Mun ga rikicin Kafanchan a 1987, mun ga na Zangon Kataf a 1992, mun ga abin da ya faru a cikin garin Kaduna a 2000 da 2002, da bayan zaɓen 2011, ga kuma hare-haren ƙauyuka da satar mutane na shekarun nan, har da ɗaliban makarantar Bethel Baptist da aka kwashe a Yulin 2021. Garin da aka zauna a cakuɗe ya rabu, yawancin Kirista suka koma kudancin kogi, yawancin Musulmi suka tattara a arewa. Akwai gidajen da har yau ba a san inda kabarin ɗansu yake ba. Ba na raina wannan ciwo, kuma duk wanda ya ce wa mai makoki ya manta kawai bai san abin da yake faɗa ba.

Duk da haka, Afisawa 4:26-27 ta ce kada rana ta faɗi muna cikin fushi, kada mu ba Iblis ƙofa, a 2 Korantiyawa 2:10-11 kuma Bulus ya ɗaura maganar gafara kai tsaye a kan sanin makircin Shaiɗan. Wasiƙar da ta ba mu makamai ita ce ta ce famarmu ba da nama da jini ba ce (Afisawa 6:12). Ranar da mai bi ya fara kallon mai shayin unguwarsu ko abokin aikinsa a matsayin Iblis saboda addininsa ko ƙabilarsa, ya sauke ido daga magabcin na gaskiya. Ƙiyayya tana da haɗari fiye da sauran jarabobi domin takan sa rigar kishin addini. Mazinaci ya san yana zunubi, amma mai ƙiyayya yakan ɗauka hidima yake yi wa Allah, har ya ɗauki Jibin Ubangiji da ita a zuciya ba tare da ya ji komai ba.

Ga yadda abin yakan zo a yau. Kana zaune da yamma, sai bidiyo ya shigo zauren WhatsApp na 'yan garinku: gawawwaki, kuka, hayaƙi, an rubuta a ƙasa cewa yanzu-yanzu abin yake faruwa, a tura wa kowa. Jininka ya hau, yatsanka yana kan maɓallin turawa. A daidai wannan daƙiƙa ake zama a faɗake. Ka ajiye wayar, ka kira wani da ke wurin da aka ambata, ka tambaya ko gaskiya ne, ko kuwa tsohon hoto ne daga wata ƙasa. In ma gaskiya ne, ka tambayi kanka abin da turawar za ta haifar a hannun yaro ɗan shekara 18 da ke bakin titi. Ka kuma kula da irin sunayen da kake kiran waɗansu da su a gaban 'ya'yanka, domin abin da suka ji a bakin murhu shi za su fita da shi.

Gafara ba ta hana neman adalci. Bulus ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, Nehemiya kuma ya yi addu'a ya kuma sa masu gadi dare da rana. Ka kai rahoto, ka ba da shaida, ka shiga tsaron unguwa bisa doka, ka taimaki waɗanda aka raba da gidajensu. Abin da aka hana ka shi ne ramuwa, da jin daɗin masifar wani (Romawa 12:19-21). Wanda yake ganin wannan ba mai yiwuwa ba ne, ya dubi Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin, waɗanda tun daga 1995 suka haɗa kai suna aikin sasanta jama'a daga nan Kaduna. In zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, ka fara da ambaton mutum ɗaya da kake ƙi a cikin addu'a kowace safiya, ko da bakinka yana nauyi.

Mataki na bakwai: kada ka yi faman kai kaɗai

Zunubi yana ƙiba a ɓoye. Ibraniyawa 3:13 ta ce mu riƙa gargaɗin juna kowace rana don kada yaudarar zunubi ta taurare waninmu, Yakubu 5:16 kuma ya ce mu riƙa bayyana wa juna laifofinmu muna yi wa juna addu'a. Shiga Zumuntar Mata, ko ta maza, ko ta matasa, ko Sabon Rai, ko FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, ga 'yan makaranta, yana da amfani, amma mutum yana iya sa anko ya yi rawa a gaba alhali ba wanda ya san abin da ke cinsa. Ka nemi mutum ɗaya, jinsinku ɗaya, wanda ya girme ka a bangaskiya, wanda kuma aka shaide shi da riƙe asiri. Ka same shi ka ce, “Baba, akwai abin da yake kā da ni, ina roƙo ka riƙa tambayata a kansa kowane mako, kada ka ji nauyina.” Dattijon kirki zai ce, “Ɗana, zauna, ka yi abin da ya dace,” ba zai kai maganar ka majalisa ba. Ka ba shi izinin kiranka a sa'ar da ka rubuta, kai ma ka kira shi tun kafin ka faɗi. Idan ka lura ka fara guje wa wannan mutum, ko ka fara ƙin zuwa sujada ba gaira ba dalili, to ka san ƙafa ta fara zamewa.

Mataki na takwas: abin da za ka yi in ka faɗi

Bitrus da Yahuza duka sun ci amanar Ubangiji a dare ɗaya, dukansu kuma sun yi baƙin ciki. Ɗaya ya ɗauki baƙin cikinsa ya tafi shi kaɗai ya rataye kansa, ɗayan ya koma cikin 'yan'uwa, Ubangiji kuma ya same shi a bakin Tekun Galili ya mai da shi bakin aiki. Muryar da take ce maka ka ɓata, kada ka ƙara taka majami'a, tun da ka faɗi ka ƙarasa kawai, muryar mai ƙara ce. Ruhu Mai Tsarki yakan nuna maka takamaiman laifi ya kuma nuna maka hanyar komowa.

Saboda haka ka tuba a ranar, kada ka jira Lahadi. Ka kira zunubin da sunansa a gaban Allah kamar yadda Dawuda ya yi a Zabura 51, ka dogara ga alkawarin 1 Yahaya 1:9. Ka gaya wa dattijon nan naka kafin kwana ya kewayo. In akwai haƙƙin wani, ka mayar kamar yadda Zakka ya yi, in ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka je ka faɗi gaskiya a tsara maka biya kaɗan-kaɗan a rubuce. In laifin ya kai ga horon ikilisiya, ka karɓa, ka ci gaba da zuwa sujada ko da a bencin baya ne, kada ka tsallaka wata majami'a inda ba a san ka ba. Daga nan ka koma kan takardarka ka duba ta inda abin ya shigo a wannan karo, ka ƙara abin da ya kamata a toshe, ka kuma cike gurbin tsohuwar ɗabi'ar da wani aiki, domin Matiyu 12:43-45 ta yi gargaɗi a kan gidan da aka share aka bar shi ba kowa.

Ku kuma dattawa da fastoci da shugabannin mata da irin wannan mutum zai zo wurinku, Galatiyawa 6:1 ta ce ku komo da shi cikin tawali'u, kuna lura da kanku kada ku ma a jarabce ku. Ku sa wa horon wa'adi, ku naɗa wanda zai riƙa ziyartarsa a gida a tsawon lokacin, kada sirrinsa ya zama misali a wa'azin mako mai zuwa, idan wa'adin ya cika kuma ku karɓe shi a fili kamar yadda aka hore shi a fili.